Wanda Ya Kawo Kifi Don Ciwon Ido

Ranar da Wei Fukang ya fara hawowa ƙauyenmu, sanyi ya kai inda raɓa ta daskare a kan ganyen shayi, ta yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Gajimare ya sauko ya kwanta a tsakanin gidaje, duk wanda ya buɗe baki sai tururi ya riga maganarsa fita. Cikin wannan sanyin aka ga wani saurayi dogo, siriri, ya ɓullo ta hanyar kogi da sandar gora a kafaɗa, tulu uku a gaba uku a baya, an naɗe su da karan shinkafa. Kowa na rawar ɗari, shi zufa ce ke karyo masa.

Ɗan ƙabilar Zhuang ne daga kwarin Tongmu, shekararsa ashirin da huɗu a lokacin. Ubansa maginin tuluna ne, shi kuma aikinsa dakon tuluna zuwa kan dutse. Ya zo a kan gaɓa, don sabuwar shekara ta kusa, kowane gida na shirin yanka alade a cusa naman a tulu da gishiri da soyayyen garin shinkafa, a liƙe baki a ajiye. Tulu mai tsaga ko da kamar silin gashi ce, naman shekara ya tashi a banza. Shi ya sa tun ranar farko mutane suka lura da hannun Fukang. Yakan ɗaga tulu kusa da kunne, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa sau ɗaya, ya rufe ido. In ya ce wannan lafiyayye ne, to lafiyayye ne. In ya girgiza kai, ko nasa ne ba zai bar ka ka ɗauka ba.

Da mazan gari yana yin Sinancin kasuwa, su fahimci juna. Tsofaffin mata kuwa ba su da wani harshe sai namu na Lakkiya, wanda mu da kanmu muke ce wa maganar mutanen dutse. Cikinsu har da Inna Tao, wadda gidanta ke can ƙarshen layi, kusa da bututun gorar da ke kawo ruwa. Mijinta ya rasu, ɗanta namiji ya yi aure ya shiga gidan surukansa a wani ƙauye, saura ita da 'yarta Lanying.

Inna Tao ta zaɓi tulu ɗaya, ta ba shi busasshen naman kaza, irin laimar kwaɗin nan da ake ci, a madadinsa. Tana ta murza fuska da bayan hannu, tana faɗin wata magana, kalma ɗaya na ta dawowa a ciki: pla, pla. Fukang ya ji kalmar ya yi murna, don a can kwarinsu kusan haka ake kiran kifi. Ya ce a ransa, ashe tsohuwar nan kwaɗayin kifi take, su a nan saman dutse ba su cika samu ba. Bayan kwana goma ya sake hawowa, ban da tuluna har da ƙunshin busasshen kifi a ganyen ayaba. Ya wuce kai tsaye zuwa gidanta, ya durƙusa, ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce, “Pla.”

Tsohuwa ta shafa ƙunshin, ta sansana, ta rasa abin da ya haɗa ta da shi. Sai da ƙanenta, Kawu Desheng, ya zo ya tambayi saurayin da Sinanci, sannan magana ta fito. Kawu Desheng ya zauna a bakin ƙofa yana dariya har da riƙe ciki. A harshenmu pla ido ne. Kifi kuma phla, da ɗan hucin iska a bayan leɓe. Ciwon ido tsohuwa take kuka da shi, bawan nan ya yi tafiyar rabin yini ya kawo mata kifi.

Kafin la'asar labari ya zaga gari. Daga ranar sunansa ya koma Kifi. Shi dai bai ji haushi ba, ya tsaya yana sosa ƙeya yana taya su dariyar. Da ya ɗaga kai sai ya ga wata yarinya a ɗan barandar katakon da ke rataye a saman ƙofa, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Lanying ke nan.

Daga nan tuluna suka yi yawa a ƙauyenmu. Sabuwar shekara ta wuce, an gama cusa nama, babu mai neman tulu, amma duk kwana goma sai ka ga Fukang ya ɓullo ta hanyar kogi da kayansa. Kawu Desheng yakan tare shi ya ce, “Kifi, yau kuma wa zai saya? Ko kajinmu za mu fara sakawa a ciki?” Sai ya ce ai ya zo duba na baya ne, ko wani ya tsage.

A al'adarmu saurayi ba ya shiga ta ƙofa. Da almuru yakan tsaya ƙarƙashin barandar yarinya, ya kama ginshiƙi ya hau. In tana so ta miƙo hannu ta ja shi, in ba ta so ta rufe taga ta bar shi a rataye. Fukang ya yi wata uku yana kallon ginshiƙin gidan Inna Tao kafin ya yi ƙarfin hali. Ya kuma yi shiri, ya sa Kawu Desheng ya koya masa jimla guda da harshenmu, wadda zai ce wa yarinya idanunta suna da kyau. Ya hau, ta miƙo hannu. Tsoron kada ya sake kuskuren farko ya sa ya tattara duk iskar da ke ƙirjinsa ya hura a cikin kalmar. Abin da ya fito shi ne kifayenta suna da kyau.

Lanying ta dube shi a natse, ta amsa da Sinancin da ta koya a makarantar gari. “Kifayena sun gode, mai tulu. Shigo kafin ka faɗo.”

Ba rashin kai ne ya hana shi iya kalmar ba. Hawa da saukar murya, wanda ke sa kalma ɗaya ta zama abu kaza ko abu kaza, bai ba shi wuya sosai ba, don nasu harshen ma haka yake. Mlok, sunan tsuntsu, ya yi mako yana tuntuɓe da shi, ya iya. Kalmomin da ke fita ta hanci sun ɗan wahalar da shi, har sau biyu yana tambayar maƙwabci ko karensa ya isa yanka alhali alade yake nufi, amma su ma ya kama su. Wannan ɗan hucin ne kawai ya gagara. A bakin mutanen kwarinsu babu shi sam, kunnensa bai san da shi ba. In ka ce masa pla ka ce phla, sai ya ce ai abu ɗaya ka faɗa sau biyu.

Da kaka ta yi aka gama girbin shinkafa, Kawu Desheng ya kai wa yayarsa maganar aure. Tunda ɗanta ya fita, duk wanda zai auri Lanying shi zai shigo gidan ya zauna. Inna Tao ba ta ce yaron na da aibu ba. Ta ce tulunsa bai yi yoyo ba, gaisuwarsa ma da ladabi. Amma idanunta kullum ƙara dushewa suke, ta san nan da 'yan shekaru ba za ta ga tafin hannunta ba. Lanying za ta riƙa tafiya gona, wanda zai rage da ita a gida wani lokaci shi ne.

“Da shi zan tsufa,” in ji ta. “In na ce idona na ciwo ya kawo mini kifi, wa zan kai wa kuka? Ya zo ranar buɗe tulu, jajibirin sabuwar shekara, mu yi magana ni da shi, ba kai a tsakani, ba ita. In mun ji juna, ga gida. In ba mu ji juna ba, ya ci nama ya sauka lafiya.”

Saura wata biyu da 'yan kwanaki. Fukang ya gaya wa ubansa, ya bar dako, ya samu wurin kwana a rumfar Kawu Desheng yana taya shi aikin gungumen da ake shuka naman kaza a jiki. Kullum da sassafe yana zuwa bakin bututun ruwa, inda Lanying ke wanke shinkafa, su yi karatu. Ta gwada ganye a gaban bakinsa don ya ga hucin ya motsa shi, iskar dutse ta kwashe. Ta gwada gashin kaza, ya yi atishawa. Ranar da sanyi ya dawo sosai ne ta dubi bakinsa ta ajiye ƙwaryar.

“Kalli nan,” ta ce. Ta faɗi ido, tururi kaɗan ya fito ya tsaya a leɓenta. Ta faɗi kifi, wani ɗan farin dunƙule ya yi tsalle ya fita gaba. “Ka gani? Kifi yana iyo. Ido yana zaune a gida.”

Fukang ya tsaya baki sake. Abin da kunnensa ya kasa ji shekara guda, ga shi idonsa ya gani. Daga ranar aka riƙa ganinsa a hanya yana tafiya yana magana shi kaɗai, yana hararar tururin bakinsa har idanunsa na haɗuwa a kan hanci. Matan gari in sun hango shi sai su ce ga Kifi can yana kiwon hayaƙi. Cikin mako biyu ya iya fitar da kowace yadda take. In wani ya yi masa magana kuwa, ba fuskarsa yake kallo ba, bakinsa yake kallo, ya ga ko tururin zai yi tsalle. Lanying ta lura, ta ce masa ya riƙa rufe ido yana saurara. Ya ce zai yi, amma da ya rufe komai sai ya koma masa iri ɗaya, sai ya buɗe. A ransa yana cewa ai jajibirin sabuwar shekara tsakiyar sanyi ne, me zai dame shi.

Ana gobe ranar, iskar kudu ta shigo. Mun san ta, takan zo jefi-jefi a ƙarshen sanyi, da ɗumi da laima, bango ya riƙa zufa, itace ya ƙi kamawa. Ranar buɗe tulun Fukang ya farka da safe, ya fito tsakar gida, ya ce kifi. Babu komai. Ya sake cewa da ƙarfi. Ko alamar tururi babu. Kawu Desheng ya leƙo ya gan shi tsaye yana hura iska kamar mai hura wuta, ya ce, “Sa rigarka mu tafi, Kifi. Ko ka koma kogi tun yanzu?”

Ya sa riga, ya ɗauki kifin da ya kamo jiya, manya guda biyu, suka tafi.

Gidajenmu dogaye ne, ƙofa bayan ƙofa, murhu na can ciki. Inna Tao na zaune a gefen wuta a kan 'yar kujerarta. Ta tura Lanying ta tsaya can wajen turmi, ta ba su baya. Kawu Desheng ya zauna a bakin ƙofa da sharaɗin ba zai ce uffan ba, bayansa kuma rabin gari ne, kowa ya zo aron wani abu da bai buƙata.

Fukang ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce ya kawo mata kifi, ya hura kalmar har toka ta tashi daga bakin murhu. Aka yi 'yar dariya a waje. Tsohuwa ta ɗaga tafin hannu ta tare gaban bakinsa ta ce ya sake. Ya sake, a hankali wannan karon. Ta gyaɗa kai, ta karɓi kifi ɗaya ta ɗora a kan garwashi. Sannan ta shiga tambayarsa, lafiyar ubansa, su nawa ne a gidansu, ko gadar gorar da ke ƙasan gari ta gyaru. Yana amsawa, wani wuri daidai, wani wuri a karkace, tana gyara masa ba tare da ta ɗaga murya ba. Hankalinsa ya fara kwanciya.

Ana cikin haka wani ɗanyen itace a murhun ya fara tuƙa hayaƙi, yana bi ta gefen da take. Kifin kuma wutsiyarsa ta fara baƙi, ƙauri ya soma tashi. Sai tsohuwa ta kawar da kai gefe, yadda ba zai ga bakinta ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar da kanta take. Ta ce ya taimake ta da abin nan nata. Kalmar da ta faɗa ɗaya ce cikin biyun nan.

Ga kifi na ƙonewa, ga hayaƙi na shiga mata fuska, kowanne zai iya zama shi take nufi. Hannun Fukang ya ɗan motsa wajen garwashi, ya tsaya. Ya ga bayan Lanying ya sanƙare. Babu tururin da zai kalla, babu wanda zai tambaya. Sai ya yi abin da ya saba yi in an miƙo masa tulu, ya rufe ido, ya bar sautin ya sake kaɗawa a cikin kansa. Lafiyayyen tulu in ka ƙwanƙwasa, ƙararsa takan fito tas ta tsaya. Mai tsaga kuwa akwai wani ɗan huci da ke bin bayanta, iskar da ke zurarewa ta tsagar. Tun yana ɗan shekara bakwai yake jin wannan bambancin a rumfar ubansa. Kalmar tsohuwa ta fito tas, babu abin da ya bi ta.

Ya miƙa hannu ya zaro ɗanyen itacen, ya ratsa mutane da shi ya jefa a tsakar gida. Ya dawo ya tsiyayi ruwan ɗumi a kasko, ya jiƙa tsumma mai tsabta, ya sa mata a hannu. Ta ɗora a idanunta. Ƙauri ya cika ɗaki.

“Kifin ya ƙone,” in ji ta daga bayan tsumman.

“Zan kamo wani, Inna,” ya ce da harshenmu. “Idon ne ban san inda zan samo ba.”

Kowace kalma ta fita a mazauninta. Inna Tao ta sauke tsumman tana dariya, irin wadda ba a ji daga bakinta ba tun rasuwar mijinta. Ta ce wa ƙanenta ya daina zama kamar baƙo, ya shiga ya ɗauko tulun da ke bayan ƙofa. Wanda ta saya a hannun Fukang ranar farko ne. Aka fasa liƙin, ƙamshin nama ya tashi, ko ɗigon iska bai shiga ba. Duk masu aron nan na bakin ƙofa sai da suka ci. Lanying ta ƙi juyowa har sai da ta goge fuska, da ta juyo kuma abin da ta fara ce masa shi ne ya yi asarar kifi mai kyau. Bayan shekaru tsohuwa ta amsa cewa ita ta sa ɗanyen itacen da hannunta tun kafin su iso.

An yi biki da bazara, Lanying ta ɗaura farantai uku na azurfa a ka, adon matanmu, na kakarta. Fukang ya shigo gidan da kayan sawarsa da sandar gorarsa. Inna Tao ta ƙara shekara goma sha bakwai a duniya, shida na ƙarshe ba ta gani. Kowace safiya shi ke fito da ita bakin ƙofa ya zaunar da ita, ya gaya mata inda gajimare ya kai, da wanda ya wuce da saniya, da ko shinkafar gangare ta fara ja. In ya karkata kalma ta ɗan doke shi a gwiwa da sandarta, ya gyara. A bakinta ya koyi sunayen ciyayi da na tsuntsaye waɗanda 'ya'yan gari da yawa ba su sani ba. Da aka yi hanyar mota, robobi suka shigo, dakon tulu ya mutu, sai ya koma ga shayi da naman kaza. Sun haifi biyu, mace da namiji.

Shekarun baya wasu malamai suka zo daga birni da na'urar ɗaukar murya, suna neman wanda zai faɗa musu kalmomin harshenmu ɗaya bayan ɗaya. Suka gwada mutum uku, duk suna haɗiye magana. Sai aka kai su wurin Fukang. Ya zauna ya yi musu yini biyu, kowane huci a wurinsa, kowace ta hanci ta hanci. Babbarsu ta ce ba ta taɓa jin bakin da ya fita haka ba, ta tambaya ko kakanninsa duk a nan aka haife su. Lanying tana tankaɗe a gefe ta ce, “Wannan? A kogi muka tsince shi.” Sai da aka ba su labarin tun daga farko, suka ɗauki wannan ma a na'urar.

Jikokinsa uku suna birnin Liuzhou, Sinanci suke yi, namu sai tsinta-tsinta. In sun zo hutun sabuwar shekara yakan tashe su da sassafe, tun raɓa ba ta narke ba, ya jera su a bakin bututun ruwa su yi ta faɗin ido da kifi suna kallon bakin juna suna ƙyalƙyala dariya. Daga baya sai ya sa su rufe ido. Ta tsakiyar ta riga ta iya, har tana gyara wa ubanta.

Yanzu Fukang ya kusa saba'in. Yana nan a gidan ƙarshen layi shi da Lanying, gwiwa ta hana shi hawa gonar shayi ta sama, amma ta ƙasa shi ke tsinka. Masu tsofaffin tuluna har yau suna kawo masa ya ƙwanƙwasa kafin su cusa nama, kuma duk gari Kawu Kifi ake ce masa.